ILMIN TSIRO: DAGA SHA'IR ZUWA DAWA



Lokacin da aka nemi in yi magana a wannan zama, sai na ce a kan tsiro zan yi ta. Na ga wasu sun yi murmushi, domin a ganinsu tsiro zancen tsakar gida ne, na mata masu kunun zaƙi. Da na ƙara da cewa tsiron sha'ir nake nufi, kuma galibin abin da aka sani game da shi a gidajen yin giya na Turai aka gano shi, sai murmushin ya koma ɗaure fuska. To, bari in fara da share wannan. Hukuncin giya a addinin mafi yawanmu sananne ne, yana da malamansa, ba kuwa shi na zo tattaunawa ba. Abin da ya kawo ni shi ne abin da ke faruwa cikin ƙwayar hatsi idan ta jiƙa ta fara tsirowa. Da wannan ilmi ake yin lemon malt da ake rabawa a gidan biki, da garin shayi irin su Milo da Ovaltine, da biskit, da kunun yaye. A 1988 kuma ƙasarmu ta ɗanɗana kuɗarta saboda ba ta ba shi muhimmanci da wuri ba.

Da yawa daga cikinmu a littattafan fiƙihu muka fara gamuwa da sha'ir, a babin zakka, ba mu taɓa ganinsa a gona ba. Hatsi ne mai kama da alkama, mai son sanyi. An fara nomansa kimanin shekara 10,000 da suka wuce a yankin da ya haɗa Iraƙi da Siriya da Falasɗinu da kudancin Turkiyya. A yau shi ne na huɗu a hatsin duniya, bayan masara da alkama da shinkafa. Rasha da Faransa da Jamus da Kanada da Ostareliya suna cikin manyan masu noma shi, a Afirka kuwa Habasha da Maroko. Mafi yawansa dabbobi ake ba. Kaso kaɗan ne yake cancantar a yi tsiro da shi, kuma shi ne manomi yake sayarwa da tsada. Tambayar da zan bi a wannan lacca ita ce: me ya raba sha'irin tsiro da sha'irin dabbobi, alhali a ido kusan duk ɗaya ne?

In kun tsaga ƙwayar sha'ir, za ku sami ɗan tayi a gindinta, wanda shi ne zai zama shuka. Sauran cikinta farin gari ne, galibinsa sitaci, wanda ya kai kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyin ƙwayar. Wannan farin gari ba shi da rai. Rumbu ne kawai da uwar shuka ta cika wa ɗanta. Tsakanin rumbun da dusa akwai wani siririn rufi mai rai, kaurinsa ɗakunan halitta uku kacal, sunansa aluron. Ku riƙe wannan suna, domin nan ne maƙerar ƙwayar take. A waje kuma ga ƙaiƙayi manne da ita, ba ya fita da sussuka.

Ga yadda ake yin tsiro a masana'anta. Ana karɓar hatsin a bushe, ruwan jikinsa kamar kashi 12 cikin 100. Sai a jiƙa shi wajen kwana 2, ana tsiyaye ruwan lokaci lokaci don ƙwayar ta sha iska, har ruwan jikinta ya kai kimanin kashi 45. Daga nan a baza shi kwana 4 zuwa 6 cikin sanyi na kamar digiri 15 a ma'aunin santigireti, ana juya shi don kada saiwoyi su sarƙe. Da zarar cikin ƙwayar ya yi laushi, yadda in an murza ta tsakanin yatsu za ta baje kamar alli, sai a tsayar da ita da iska mai zafi. Ana farawa da zafi kaɗan, a ƙare a wajen digiri 80, har ruwan ya sauko zuwa kashi 4 ko 5. Watau dai an yaudari ƙwayar ne. An sa ta ɗauka damina ta faɗi, ta buɗe rumbunta, kafin ta ci abin da ke ciki aka dakatar da ita.

To, wane ne yake buɗe rumbun? Amsar ta biyo ta wata hanya mai nisa. Manoman shinkafa a Japan sun daɗe suna fama da wata cuta mai sa shuka ta yi zangarniya, ta yi tsawo marar amfani, ta faɗi. A 1926 wani masani, Eiichi Kurosawa, ya nuna cewa wani sinadari ne da funfunar da ta kama shinkafar take fitarwa yake jawo haka. Daga baya aka raɗa wa sinadarin suna jibarelin, aka kuma gane cewa tsirrai da kansu suna yin sa. A 1960 masana biyu, Yomo a Japan da Paleg a Ostareliya, kowa a wurinsa, suka nuna aikinsa a cikin sha'ir. In aka yanke rabin ƙwayar da ɗan tayi yake, ragowar rabin ko an jiƙa shi ba ya narkewa. Amma in aka ɗiga masa jibarelin, sai ya narke kamar ɗan tayin yana nan. Ashe jibarelin saƙo ne da ɗan tayi yake aika wa aluron, cewa lokaci ya yi, a fara ƙira.

Abin da aluron yake ƙerawa shi ne enzayim. Enzayim wani nau'in furotin ne da mai rai yake yi don ya hanzarta wani aiki guda. Kowa a ɗakin nan yana ɗauke da irinsa a yawun bakinsa, shi ya sa in ka daɗe kana tauna burodi za ka ji ya koma zaƙi-zaƙi. Enzayim na farko da ɗan Adam ya taɓa warewa, daga tsiron sha'ir ya fito: Faransawa biyu, Payen da Persoz, suka ware shi a 1833.

Ku ɗauki sitaci kamar carbi mai dubban 'ya'ya, kowane ɗa sukari ne, kuma carbin yana da rassa. Enzayim na farko, alfa-amiles, yana tsinka zaren ta ko'ina a tsakiya. Na biyu, beta-amiles, yana bin bakin zaren yana cire 'ya'ya biyu biyu, waɗannan tagwaye su ne sukarin da ake kira maltos, mai ba tsiro zaƙinsa. Na uku yana kwance wuraren da rassa suka haɗu, inda na farko da na biyu suke cijewa. Amma kafin ɗayansu ya kai ga sitacin, sai an rushe bangon da ya kewaye shi. An gina wannan bango da wani abu mai suna beta-gulukan, wanda in ya shiga ruwa yauƙi yake yi kamar kuɓewa. In bai rushe sosai ba lokacin tsiro, ruwan da aka dama zai yi yauƙi, ya toshe mataci, aikin awa biyu ya koma na yini.

Akwai wani bambanci tsakanin amiles ɗin nan biyu da ya kamata ku lura da shi. Alfa-amiles babu shi a busasshiyar ƙwaya, sai an jiƙa ta aluron yake ƙera shi. Beta-amiles kuwa tun ƙwayar tana gona aka zuba shi cikin rumbun, aka ɗaure shi jikin wasu furotin, lokacin tsiro kwance shi kawai ake yi. Saboda haka in iri bai zo da isasshen beta-amiles daga gona ba, babu dabarar mai tsiro da za ta ƙirƙiro shi. Daɗin daɗawa, beta-amiles ba ya jure zafi. Sitacin sha'ir ba ya kumbura ya saki jiki sai zafin ruwa ya kai digiri 60 zuwa 65, beta-amiles kuma daga wajen digiri 65 yake fara mutuwa da sauri. Duk ribar masana'antar tana cikin wannan 'yar tazara.

Yanzu sai mu juya ga gado. Kowane enzayim da na ambata akwai umurnin ƙera shi a rubuce cikin ƙwayoyin gado, waɗanda suke jere a kan wasu zaruruwa da ake kira kuromosom. Sha'ir yana da zare 7, kowanne biyu biyu. Rubutun da ke kansu ya kai haruffa kusan biliyan 5, alhali na ɗan Adam kimanin biliyan 3 ne. A 2012 aka fitar da daftarin farko na wannan rubutu, a 2017 aka fitar da wanda ya fi cika, daga wani irin Amurka mai suna Morex.

Wasu halaye ƙwayar gado guda ce take riƙe da su. Alal misali, akwai sha'ir mai layi biyu a zangarniya da mai layi shida, kuma ƙwayar gado ɗaya ce a zare na 2, mai suna Vrs1, ta fi raba su. A 2007 aka gano ta. Mai layi biyu 'ya'yansa sun fi girma, sun fi zama daidai wa daida, suna shan ruwa tare su tsiro tare, shi ya sa masu tsiro a Turai suka fi son sa. Haka nan mannewar ƙaiƙayi, ƙwayar gado guda ce a zare na 7, wadda aka gano a 2008. Mai abinci ya fi son sha'ir marar ƙaiƙayi, amma mai tsiro ba ya rabuwa da ƙaiƙayin, domin bayan an dama gari, ƙaiƙayin ne yake kwantawa a gindin tukunya ya zama rariyar da ruwan zaƙi yake bi ya fito garau. Beta-amiles kuma umurninsa yana kan zare na 4. A ƙarshen shekarun 1990 masana a Ostareliya suka nuna cewa yana da nau'o'i, bambancinsu 'yan haruffa ƙalilan, amma wani nau'in ya fi wani jure zafi. Sun sami nau'i mai juriya a irin Japan mai suna Haruna Nijo, wani kuma a sha'irin daji. Kada sunan ya ruɗe ku, wannan Haruna na Japanawa ne.

Sai dai ingancin tsiro gaba ɗayansa ba hali guda ba ne. A farkon shekarun 1990 masana a Amurka da Kanada suka aurar da Morex, mai kyawun tsiro, da Steptoe, na abincin dabbobi, suka shuka zuriyarsu layi 150 a wurare daban daban, suna auna tsiron kowanne. Abin da ya fito, aka kuma yi ta tabbatarwa daga baya, shi ne wuraren da suka shafi ingancin tsiro suna da yawan gaske, sun warwatsu kan zaruruwan nan duka, kowanne da ɗan abin da yake ƙarawa. Ƙasa da yanayi kuma suna da nasu hannun. Mai tsiro yana son furotin tsakanin kashi 9 zuwa 11 da rabi. In ya gaza haka, enzayim ba za su isa ba, tunda su ma furotin ne. In ya wuce, ya ci wurin sitaci. Manomin da ya zabga takin zamani don neman yawa, ko wanda fari ya kama lokacin da hatsi yake ƙosawa, zai ga iri mai kyau ya faɗi gwaji, ya koma farashin abincin dabbobi.

Misalin da ya fi nuna wannan ja-in-ja shi ne barcin ƙwaya. Sha'irin daji yakan yi watanni bai tsiro ba ko da ya sami ruwa, wannan ita ce garkuwarsa daga ruwan da ya zo ba a kan lokaci ba. Mai tsiro kuwa yana son aƙalla ƙwaya 95 cikin 100 su farka cikin kwana 3. Saboda haka masu kyautata iri suka yi ta zaɓen mai sauƙin farkawa. A 1981 Jami'ar Saskatchewan ta Kanada ta fitar da wani iri mai suna Harrington, wanda ya yi shekaru yana jan zarensa a kasuwar tsiro saboda yawan enzayim ɗinsa. Amma in ruwa ya sauka gab da girbi, sai ya tsiro tun yana kan zangarniya, manomi ya yi asara. Bincike ya nuna cewa a ƙarshen zare na 5, wurin da ya shafi yawan alfa-amiles nan ne kuma ya shafi saurin farkawa. A 2016 masana, galibinsu daga Japan, suka gano ƙwayoyin gado biyu masu riƙe da barcin sha'ir, dukansu a kan wannan zare. Kun ga ke nan, mai kyautata iri kamar mai awo yake, in ya ƙara wa wannan sashe sai wancan ya ɗaga. Ko beta-gulukan ɗin da mai tsiro yake gudu, likitoci suna yaba shi a abinci domin yana rage kitsen jini.

Yaya aka yi aka san ƙwaya guda haka dalla dalla? An sa kuɗi ne, an kuma yi haƙuri. A 1875 mai kamfanin Carlsberg, J. C. Jacobsen, ya kafa ɗakin bincike a babban birnin Denmak. A nan ne Kjeldahl ya fito da hanyar auna furotin ɗin hatsi a 1883, hanyar da ɗaliban kimiyya a cikinku suke koyo har yau. A nan ne kuma Sorensen ya ƙirƙiro ma'aunin tsami na pH a 1909. A birnin Dublin, wani ma'aikacin kamfanin Guinness mai suna William Gosset, wanda aikinsa ya haɗa da gwada sha'ir, ya fitar da wata dabarar lissafi a 1908 ta yanke hukunci daga samfuri kaɗan. Bai sa sunansa ba, ya sa hannu da laƙabin da ma'anarsa ita ce "ɗalibi". Duk wanda ya yi darasin ƙididdiga a wannan jami'a ya gamu da ita.

To, ina ruwanmu? Tun daga ƙarshen shekarun 1940 masana'antun abin sha a Nijeriya da tsiron sha'ir na ƙasashen waje suka dogara. Da kuɗin mai ya faɗi, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, ta hana shigo da tsiron sha'ir daga 1988. Dole aka waiwayi dawa. Nan take matsaloli suka bayyana, kuma yanzu kuna da abin da za ku fahimce su da shi. Tsiron dawa yana da alfa-amiles daidai gwargwado, amma beta-amiles ɗinsa kaɗan ne ƙwarai. Sitacinta ba ya sakin jiki sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko fiye, lokacin da ɗan beta-amiles ɗin ya riga ya mutu. Ba ta da ƙaiƙayi manne da zai zama rariya. Tana bukatar ɗumi na digiri 25 zuwa 30 kafin ta tsiro da kyau, wanda shi ne ɗumin da funfuna take so. Bugu da ƙari, tohonta da saiwarta suna ɗauke da guba, ita ce gubar da makiyaya suka sani a gyauron dawa mai kashe awaki, don haka tilas a murje su a sheƙe kafin a niƙa.

Masananmu ba su zauna ba. An gwada ire-iren dawa, aka ga wata gajeriyar kaura mai lamba SK5912, ta Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, tana cikin waɗanda suka fi dacewa. 'Yan Nijeriya da dama sun yi bincike a kan tsiron dawa a Jami'ar Heriot-Watt ta Sikotland tare da Farfesa Geoff Palmer, haifaffen Jamaika, wanda ya yi suna a ilmin sha'ir. Daga baya an kafa masana'antun tsiron dawa a Aba da Kaduna. Amma gaskiya ɗaya ce, a faɗe ta: kamfanoni da yawa gajeriyar hanya suka bi, suka riƙa niƙa ɗanyar dawa suna zuba mata enzayim da aka sayo daga waje. An rufe ƙofa ɗaya ta fitar kuɗi, an buɗe wata. Wajen ƙarshen shekarun 1990 kuma aka ɗage haramcin.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki a duk wannan labari. Hanyar da masana suka amince da ita wajen dama tsiron dawa ita ce a ware ruwan da enzayim suke ciki, a dafa sitacin shi kaɗai, a bari ya huce, sannan a mayar masa da ruwan. Ku tuna yadda iyayenmu mata suke kunun zaƙi. Sukan raba ƙullu biyu, su sheƙa wa babban kason tafasasshen ruwa ya yi kauri, su bari ya sha iska, sannan su zuba ɗanyen kason da aka haɗa da tsiro, su rufe ya kwana. Da safe kaurin ya saki, zaƙi ya fito. Wasunsu kuma sukan niƙa busasshen dankali a ciki, dankali kuwa yana cikin abubuwan da suka fi kowane yawan beta-amiles, watau ainihin abin da dawa ta rasa. Ba su san sunan enzayim ba, amma sun warware matsalar. Abin da ba a yi ba shi ne a zauna a auna, a rubuta, a nemi irin da ya fi, kamar yadda aka yi wa sha'ir shekara fiye da 150.

'Yan'uwana ɗalibai, Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi noma dawa a duniya. An karanta rubutun gadon dawa tun 2009, zare 10 ne, kuma bai kai kashi ɗaya cikin shida na tsawon na sha'ir ba. Tambayoyin suna nan suna jiran mai amsawa. A cikin kaura da farafara da sauran ire-iren da manomanmu suke adanawa a rumbu, wanne ya fi yawan beta-amiles, wanne nasa ya fi jure zafi? Wanne yake tsirowa tare ba tare da funfuna ta cinye shi ba? Amfanin amsar bai tsaya ga masana'anta ba. Ɗan garin tsiro kaɗan in an barbaɗa shi a kunu mai kauri yakan tsinka shi, yaron da ake yaye ya sha abinci mai yawa a ɗan ƙaramin cikinsa. A Tanzaniya an yi amfani da wannan dabara wajen yaƙi da tamowa.

Waɗanda za su shiga ɗakunan bincike a cikinku, ina roƙonku kada ku raina tambaya don ta fito daga madafi. Waɗanda kuma za su zauna a ofisoshin gwamnati, wata rana takarda za ta zo teburinku ta neman kuɗin binciken iri, aikin da ba ya nuna sakamako sai bayan shekara 10 ko fiye. In ta zo, ku tuna cewa a 1988 sa hannu ɗaya ya isa hana shigo da tsiro, amma irin da zai maye gurbinsa sai da aka koma Samaru aka nemo cikin aikin da wasu suka yi shekaru suna yi tun kafin a bukace shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shugaban taro, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi.